Dokokin da Suka Shafi Mallakar Haramtattun Littattafai da Takardu a Nijeriya

Gabatarwa

A duk lokacin da jami'anmu na wayar da kan jama'a suka fita rangadi zuwa ƙananan hukumomi, akwai wata tambaya da ba ta rasa fitowa daga bakin dagatai da masu unguwanni da malaman makaranta da masu sayar da littattafai a kasuwannin ƙauye. Tambayar ita ce: shin ana iya kama mutum saboda littafin da aka gani a ɗakinsa, ko takardar da ya tsinta a bakin masallaci, ko saƙon da wani ya turo masa a waya? Mun tanadi wannan bayani ne domin amsa wannan tambaya, da kuma taimaka wa masu riƙe da ragamar jama'a su san iyakar ikonsu.

Dokokin da za mu kawo a nan ba su ambaci karatu a matsayin laifi ba. Abin da suka ambata shi ne bugawa, da shigowa da abu daga waje, da sayarwa, da rarrabawa, sa'an nan a wasu wurare ƙididdigaggu, ajiye abin a hannu ba tare da uzurin da doka ta yarda da shi ba. Haka kuma kotu ce kaɗai take da ikon cewa wani rubutu ya faɗa cikin waɗanda aka haramta, kuma ita kaɗai ce take hukunta wanda aka same shi da shi.

Abin da Tsarin Mulki ya tanada

Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma ya fayyace cewa wannan 'yanci ya haɗa da riƙe ra'ayi da karɓar bayanai da isar da su ba tare da katsalandan ba. Kalmar karɓa ita ce garkuwar mai karatu, domin wanda ya sayi jarida ko ya ari littafi karɓar bayani yake yi. Sashe na 38 ya kare 'yancin tunani da na addini, sashe na 37 kuma ya kare sirrin gida da wasiƙu da maganganun waya.

Sai dai sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta rage waɗannan 'yanci domin tsaron ƙasa, ko lafiyar jama'a, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu, muddin dokar ta kasance irin wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ake mulkin dimokuraɗiyya. A kan wannan sashe ne dukkan dokokin haramci suke dogara.

Akwai kuma sashe na 36(12), wanda ya kamata kowane shugaba ya haddace. Ya tanadi cewa ba a hukunta mutum kan wani laifi sai idan an bayyana laifin da hukuncinsa a cikin rubutacciyar doka. Saboda haka ƙyamar da jama'ar gari suke yi wa wani littafi, ko sanarwar da wani ya yi a taro, ba ta isa ta mayar da mallakarsa laifi ba.

Asalin waɗannan dokoki

Yawancin dokokin da suka shafi tunzura jama'a gado ne daga Turawan mulkin mallaka. A 1909 gwamnatin mallaka ta kafa dokar tunzuri domin taka wa jaridun Legas birki. Kundin laifuffukan da aka fara aiki da shi a Arewa a 1904 an shimfiɗa shi ga ƙasar baki ɗaya a 1916, kuma shi ne tushen kundin da jihohin Kudu suka gada. Da guguwar neman 'yanci ta taso, an yi amfani da dokar tunzuri a kan matasan ƙungiyar mabiya Zik. Bayan wata lacca da Osita Agwuna ya gabatar a Legas a watan Oktoba 1948, an gurfanar da shi tare da wasu, har da Raji Abdallah, wanda yake cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NEPA a Kano a 1946, aka kuma ɗaure su. A 1950 an haramta ƙungiyar ɗungurungum, aka ɗaure sakatarenta Mokwugo Okoye saboda takardun da aka samu a hannunsa. A cikin shekarun 1950 kuma gwamnatin ta hana shigowa da littattafai da mujallun 'yan gurguzu.

A Arewa, Majalisar Dokokin Jihar Arewa ta zartar da kundin Final Kod a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. An ɗauko tsarinsa daga kundin Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga kundin Indiya na 1860. Da yake laifuffukan da suka shafi gwamnatin ƙasa hurumin Tarayya ne, sai aka yi wata dokar Tarayya a 1960 wadda ta ƙara wasu sassa a kan Final Kod, kuma a cikinsu ne ake samun hukuncin mallakar takardun tunzuri. Ya kamata a sani cewa wasu jihohi sun sake tsara kundinsu, kamar yadda Jihar Kaduna ta yi a 2017, kuma tun daga shekarar 2000 jihohi goma sha biyu sun shigo da tsarin Shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuffuka. Don haka lambar sashe tana iya bambanta daga jiha zuwa jiha a laifuffukan da suke hurumin jiha.

Takardun tunzura jama'a

Sashe na 416 na sassan Tarayya da aka ƙara wa Final Kod ya haramta tunzura jama'a su ƙi gwamnati. Sashe na 417 ya haramta haddasa ƙiyayya tsakanin ɓangarorin al'umma ta yadda zaman lafiya zai shiga haɗari. Sashe na 418 ya haramta yaɗa labarin ƙarya da nufin tayar da fitina. Sashe na 419 shi ne ya shafi mai ajiya: duk wanda aka samu da littafi, ko ƙasida, ko takarda, ko faifai, ko kaset, ko hoto, ko fim, wanda yaɗa shi zai zama laifi a ƙarƙashin waɗancan sassa uku, kuma ba shi da halastaccen uzuri, ana iya ɗaure shi har shekara 2, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyun. Sashen ya ɗora nauyin kawo uzurin a wuyan wanda ake tuhuma.

A kundin jihohin Kudu, sashe na 51 ya tanadi ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 200 ga wanda ya buga ko ya sayar ko ya rarraba takardar tunzuri a karo na farko, da ɗaurin shekara 1 ko tarar naira 100 ga wanda ya ajiye ta. Ƙanƙantar wannan tara kaɗai ta isa ta nuna tsufan dokar. Kundin ya kuma ware abubuwan da ba tunzuri ba ne, kamar nuna cewa shugaba ya yi kuskure ko an ɓatar da shi, da bayyana gazawar gwamnati domin a gyara, da jan hankalin jama'a su nemi sauyi ta hanyar da doka ta yarda. Ba a shigar da irin wannan ƙara sai da rubutaccen izinin Antoni Janar, kuma sai cikin wata 6 da aikata abin.

Kotuna sun yi magana a kan wannan doka sau biyu da ya kamata a sani. A 1961, a shari'ar Dokta Chike Obi, masanin lissafi kuma ɗan siyasa wanda ya rarraba wata ƙasida mai sukar gwamnati, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce dokar tunzuri ba ta saɓa wa tsarin mulkin wancan lokaci ba. A 1983 kuwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta soke ɗaurin wata 12 da aka yi wa Arthur Nwankwo saboda littafin da ya rubuta a kan mulkin Gwamna Jim Nwobodo na Jihar Anambra. Kotun ta ce sassa na 50 da 51 sun ci karo da 'yancin faɗin albarkacin baki da Tsarin Mulkin 1979 ya bayar, kuma shugaban da yake ganin an ɓata masa suna ya nemi haƙƙinsa ta hanyar ƙarar ɓata suna.

Duk da wannan hukunci, ba a goge sassan daga littattafan doka ba. A 2006 an tuhumi 'yan jarida biyu, Gbenga Aruleba da Rotimi Durojaiye, da laifin tunzuri saboda rahoto a kan jirgin Shugaban Ƙasa, daga baya aka janye tuhumar da ake yi wa Aruleba. Darasin da ke nan shi ne cewa sukar gwamnati a rubuce abu ne da kotu ta kare, amma takardar da take kiran a kai wa wata ƙabila ko mabiya wani addini hari tana iya jefa mai ajiye ta cikin shari'a.

Littattafan da aka hana shigowa da su

Sassa na 420 da 421 na Final Kod, da kuma sashe na 58 na kundin Kudu, sun ba Gwamnatin Tarayya ikon hana shigowa da wani littafi ko mujalla idan tana ganin shigowarsa zai cutar da jama'a. Ana yin wannan hani ne ta hanyar umarni a rubuce, wanda ake bugawa a gazet ɗin gwamnati. Idan babu irin wannan umarni, littafin bai shiga wannan rukuni ba, komai yawan jita-jitar da ake yi a kansa. Kundin Kudu ya ƙara da cewa wanda aka aiko wa haramtaccen littafi ba da saninsa ba, ya miƙa shi ga hukuma da zarar ya gane abin da yake ciki. Wannan hanya ce mai kyau ga kowa, a Kudu ko a Arewa.

Rubuce-rubuce da hotunan batsa

Sashe na 202 na Final Kod ya hukunta wanda ya sayar, ko ya rarraba, ko ya buga, ko ya baje littafin batsa a bainar jama'a, da wanda ya ajiye shi da nufin sayarwa ko rarrabawa ko nunawa. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 2 ko tara ko duka biyun. A lura da cewa nufin sayarwa ko yaɗawa sharaɗi ne a wannan sashe, kuma mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da shi. Masu shagunan littattafai da masu tura finafinai da waƙoƙi a waya su ne wannan sashe ya fi shafa.

Inda babu sassauci ko kaɗan shi ne batsar da ta shafi yara. Sashe na 23 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 20 ba ga wanda ya shirya ko ya yaɗa irin wannan abu, da ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba ga wanda ya nemo shi ko ya ajiye shi a kwamfuta ko a memori. A nan ajiyewar kanta laifi ce, ko da mutum bai tura wa kowa ba.

Takardun sirrin gwamnati

Wannan rukuni ya fi shafar ma'aikata, tun daga sakataren ƙaramar hukuma har zuwa masinja. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta miƙa takardar sirri ga wanda ba a yarda ya gani ba, ta kuma haramta samo ta, ko kwafe ta, ko ci gaba da riƙe ta ba tare da izini ba. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Saboda haka ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, wajibi ne ya mayar da duk fayil ɗin da yake hannunsa.

Sai dai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, ta rage wa tsohuwar dokar kaifi. Ta ba kowa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta wajabta ba da amsa cikin kwana 7, ta kuma ce buga hatimin sirri a kan takarda bai isa shi kaɗai ya hana bayar da ita ba. Har ila yau ta kare ma'aikacin da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya bisa tanadinta. A watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi ma. Ke nan kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ko takardar kwangilar rijiyar burtsatse ba abubuwa ba ne da za a tsorata talaka don an gan su a hannunsa.

Takardun ƙungiyoyin ta'addanci

Dokar yaƙi da ta'addanci ta farko an yi ta a 2011, aka yi mata gyara a 2013, sa'an nan aka maye gurbinta da sabuwa a 2022. Dokar ta ɗauki tunzura mutane su aikata ta'addanci ta hanyar intanet ko bugaggun takardu, da yaɗa saƙonnin 'yan ta'adda, a matsayin ba su goyon baya, kuma hukuncin goyon baya ba ya gaza ɗaurin shekara 20. Daga cikin ƙungiyoyin da aka haramta akwai Boko Haram da Ansaru a 2013, da 'yan bindiga waɗanda kotu ta ayyana a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamba 2021, da Lakurawa a watan Janairu 2025.

A ƙauyukan da ke fama da matsalar tsaro, yakan faru 'yan bindiga su aiko da wasiƙar neman haraji, ko a wayi gari a ga takardu a warwatse a kasuwa. Wanda aka jefo wa irin wannan takarda ba mai laifi ba ne saboda ta shigo hannunsa. Abin da ake buƙata shi ne ya kai ta ga mai unguwa ko dagaci, su kuma su miƙa ta ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Kada a kwafe ta, kada a ɗauki hotonta a tura a WhatsApp ko Facebook da sunan gargaɗi, domin turawa yaɗawa ce, kuma ɓoye labarin da zai taimaka wajen hana ta'addanci shi ma laifi ne a wannan doka.

Takardun damfara, na jarrabawa da na satar fasaha

Akwai wasu takardu uku da mallakarsu take jawo shari'a, ko da yake ba ruwansu da siyasa ko addini. Na farko, dokar damfara ta 2006, wadda jama'a suka fi sani da 419, ta ce wanda aka samu da takardar yaudara, alhali ya sani ko ya kamata ya sani cewa ta yaudara ce, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi yunƙurin damfara. Na biyu, Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999 ta hukunta samo takardar tambayoyi ta hanyar zamba. Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, malami ko mai sa ido kuwa ɗaurin shekara 4 ba tare da zaɓin tara ba. Na uku, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta haramta sayar da littattafan da aka buga ba da izinin masu su ba, da tara su domin kasuwanci. Muna jan hankalin shugabannin makarantu da su riƙa sayen littattafai daga dillalan da aka sani, su kuma karɓi rasit.

Hukumomin tacewa da littattafan makaranta

Wasu jihohi suna da hukumomin da suke duba abin da ake bugawa da sayarwa. Wadda aka fi sani ita ce Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. A watan Mayu 2007 shirin A Daidaita Sahu ya ƙone wasu littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata, a 2008 kuma aka samu saɓani tsakanin hukumar da marubuta a kan batun yin rajista. A watan Oktoba 2023 gwamnatin jihar ta hana amfani da wasu littattafan koyon karatu a makarantu, har da Queen Primer, hukumar kuma ta kwashe kwafe daga kasuwa.

Abin lura shi ne cewa aikin irin waɗannan hukumomi ya fi karkata ga marubuta da maɗaba'u da 'yan kasuwa da masu makarantu, kuma ikonsu bai wuce iyakar jihar da ta kafa su ba. Cire littafi daga manhajar makaranta mataki ne na gudanarwa wanda ya wajaba makarantu su bi, amma shi kaɗai ba ya mayar da uban da ya riga ya saya wa ɗansa littafin mai laifi.

Zamanin mulkin soja

Tsoron da dattawa da yawa suke yi wa jarida da takarda ya samo asali ne daga zamanin soja. Doka ta 4 ta 1984 ita ce aka yi amfani da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, kafin a soke ta a 1985. A watan Afrilu 1987 an rufe mujallar Newswatch na wata 6. A 1993 an yi Doka ta 35 wadda ta ba shugaban ƙasa ikon haramta duk wata jarida ko mujalla da kwace kwafenta. A wancan lokaci masu tallar jarida sun sha kamu. Tun daga 29 ga Mayu 1999 Tsarin Mulki ne yake sama da kowace doka, kuma sashe na 1(3) ya ce duk dokar da ta saɓa masa ta rushe gwargwadon saɓanin.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Ƙasashen da suka gaji dokar tunzuri daga Ingila sun bi hanyoyi dabam-dabam. A Kenya an ɗaure malamin tarihi Maina wa Kinyatti shekara 6 a 1982 saboda mallakar takardar tunzuri, amma ƙasar ta soke dokar a 1997. Gana ta soke tata a 2001, ita kanta Ingila ta soke tata da dokar da ta yi a 2009. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar ta'addanci ta Birtaniya ta 2000 ta haramta mallakar bayanin da zai amfani mai shirya ta'addanci, kuma a 2019 an faɗaɗa ta har ta haɗa da duba irin wannan bayani a intanet, sai ga mai uzuri kamar ɗan jarida ko mai bincike. Wannan yana nuna cewa ƙasashe da dama suna sassauta wa mai sukar gwamnati, suna kuma tsananta wa abin da ya shafi zubar da jini.

Abin da ba laifi ba ne

Harshen da aka rubuta littafi da shi ba laifi ba ne. Littafin Larabci, ko takardar ajami, ko allon almajiri, ko Littafi Mai Tsarki a jakar matafiyi, babu ɗaya daga cikinsu da ya zama hujjar kama mutum. Haka nan jaridar 'yan adawa, da takardar manufofin jam'iyyar da ba ta mulki, da littafin wata ɗariƙa ko mazhabar da mutanen gari ba sa bi. Rashin iya karanta abin da ke cikin takarda ba dalili ba ne na zargin mai ita. Idan an yi shakka, a nemi wanda ya iya harshen ya karanta a gaban shaidu kafin a ɗauki wani mataki.

Jagora ga shugabanni da jami'ai

1. Hakimi, dagaci, mai unguwa, kansila, 'yan sintiri da 'yan Hisba ba kotu ba ne. Ba su da ikon cin tara, ko duka, ko korar mutum daga gari saboda littafi ko takarda.

2. Ba a shiga gidan mutum a binciki littattafansa sai bisa hanyar da doka ta tsara, wadda galibi take buƙatar takardar izinin bincike daga kotu. A watan Oktoba 2020 Sufeto Janar na 'Yan Sanda ya ba da umarnin hana binciken wayoyin jama'a barkatai a kan hanya.

3. Idan aka kawo takardar da ake zargi, a rubuta ranar da aka same ta da wurin da sunan wanda ya kawo, a adana ta yadda take, a miƙa ta ga 'yan sanda. Kada a ƙone ta, domin ita ce shaidar da kotu za ta duba, kuma tana iya zama ita ce za ta wanke wanda ake zargi.

4. Idan rai ya ɓaci saboda zargin cin mutuncin addini a rubuce, aikin farko na shugaba shi ne kare ran wanda ake zargi da miƙa shi ga hukuma. Ɗaukar doka a hannu babban laifi ne, kuma wanda ya kashe mutum a cikin taron fushi zai amsa tuhumar kisan kai.

5. Ba a kama ɗan'uwa ko matar wanda ake nema a madadinsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun haramta haka.

Jagora ga jama'a

Wanda aka kama saboda littafi ko takarda yana da 'yancin yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Wajibi ne a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Wajibi ne a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, ko cikin kwana 2 idan ta fi haka nisa. A kotu ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, kuma yana da haƙƙin a ba shi tafinta kyauta. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta masa ba.

Ya kuma bayyana wa lauyansa yadda takardar ta zo hannunsa da abin da ya sa ya ajiye ta, domin a nan ne uzuri yake fitowa. Malamin da yake koyarwa da ita, da ɗalibin da yake bincike, da wanda yake kan hanyar kai ta ga hukuma, duk suna da abin faɗa wa alƙali, kuma alƙali ne zai auna. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wanda kuma aka ci zarafinsa ya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Kammalawa

Muna kira ga iyayen ƙasa da malamai da limamai da shugabannin coci da su isar da wannan bayani ga waɗanda ba sa iya karantawa, musamman a ranakun kasuwa da wuraren taro. Muna kuma kira ga iyaye da kada tsoron doka ya sa su hana 'ya'yansu littafi, sai dai su riƙa duba abin da yake shigowa gida ta takarda da ta waya. Wannan bayani na wayar da kai ne kawai, ba ya maye gurbin shawarar lauya. Duk mai neman ƙarin haske yana iya tuntuɓar jami'in watsa labarai na ƙaramar hukumarsa, ko Ma'aikatar Shari'a ta jiha. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.